Ɓarayin tunani? Yadda aka kaya a zauren iyaye da malamai na Garwa a Kamaru

Malamin Filo (falsafa): Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri in amayar da abin da ke cikina. Na ba 'yan Tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, aikin gida kan tambaya guda: shin 'yanci shi ne mutum ya yi abin da ya ga dama? Da na zauna dubawa, takarda bayan takarda gabatarwa iri ɗaya, misalai iri ɗaya, har da wata magana da suka jingina wa masanin falsafa Descartes wadda na bincike littattafaina kaf ban gan ta ba. ChatGPT, injin nan na intanet mai rubuta amsa idan an tambaye shi, shi ne ya rubuta musu. Yaran nan sun zama ɓarayin tunani. Amma ni ba hani nake nema ba. Tun Nuwamba 2022 abin nan ya fito, ya riga ya shiga aljihun yara. So nake mu roƙi shugaban makaranta awa ɗaya a mako, a buɗe shi a gaban aji, a yi masa tambaya, yara su tsefe amsarsa: wa ya faɗa, a wane littafi, me ya tsallake bai ambata ba. Ranar BAC, jarrabawar gama sakandare, fa babu waya a ɗakin jarrabawa, daga kai sai biro.

Maman Usman: Wa'alaikumus salam. Malam, ɓarayi fa ka ce? Ɗana yana ajinka. Ni ban haifi ɓarawo ba, kuma ban yi renon ɓarawo ba.

Malamin Filo: Hajiya, ban kama sunan kowa ba.

Maman Usman: Ba sai ka kama ba. Ka yi musu kuɗin goro ai.

Baban Hafsat: Ɓarawo shi ne wanda ya ɗauki kayan wani ba da izini ba. To kayan wa suka ɗauka? Waye ya zo ya ce an yi masa sata? Injin ne ya kai ƙara?

Malamar Faransanci: Alhaji, ko a gidanku idan yarinya ta sayo tuwo a kasuwa ta juye a kwanon gida ta ce ita ta tuƙa, me za ka kira ta? Makin da ta karɓa ba guminta ba ne. Ta cuci wadda ta kwana tana rubutu da fitilar waya.

Baban Hafsat: Wannan ƙarya ce ta yi, ba sata ba. Ku malamai ku riƙa auna kalma kafin ku jefa.

Ɗalibin ENS (makarantar horar da malamai) Marwa: Iyayena, ku ba ni izini. Shawarar Malam tana kan hanya. Ƙirƙirarriyar basirar nan ba sani take yi irin na mutum ba. An ɗura mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, sai ta riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Shi ya sa take iya ƙago sunan littafi ko maganar wani masani cikin Faransanci mai santsi, alhali babu su. Kuma akasarin abin da ta karanta na Turawa ne, namu na Hausa da Fulatanci kaɗan ne a intanet. Gwaji mai sauƙi: yaro ya tambaye ta yaƙin Kusuri na 22 ga Afrilu 1900, inda aka kashe Rabe mai mulkin Borno, shi ma Lamy kwamandan Faransawa ya mutu. Sannan ya kwatanta amsar da littafin tarihi da abin da tsofaffi ke faɗa, ya duba da idon wa aka ba da labarin. A nan tunani yake farawa. UNESCO ma a 2023 ta ba da shawarar kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da irin waɗannan a aji.

Maman Usman: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma ba wannan muke ba. A janye kalmar ɓarayi tukuna.

Alaramma: Abin da yaron nan ya faɗa ba baƙo ba ne a wurinmu. Suratul Hujurat, aya ta 6: idan fasiƙi ya zo muku da labari, ku bincika. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa. Injin da ba shi da isnadi, a ɗauki maganarsa a matsayin labarin da ke jiran tabbaci.

Baban Hafsat: Allah gafarta Malam, yanzu kuma inji ne fasiƙi? Ƙarfe yana da zunubi?

Alaramma: Misali na buga, Alhaji, ba hukunci na yanke wa waya ba.

Kawu na Kusuri: Wato daga ɓarayi mun koma fasiƙai. Allah ya kyauta. Ni tambayata daban ce. Awa ɗayan da Malam ke so, da wace wuta, da datar wa? Ku na Garwa da madatsar Lagdo ke kusa da ku ma kuna kukan ɗauke wuta, balle mu. 'Ya'yan masu hali za su ƙara gaba, ɗan talaka yana kallo.

Malamin Filo: Kawu, waya ɗaya ta isa. Ni zan kawo tawa, in kwafe amsar a allo da alli.

Baban Hafsat: Mu faɗi gaskiya mana. Abin da ke ƙona wa wasu malamai rai shi ne darasin yamma ya fara ja baya. Sefa 5000 duk wata nake biya wa Hafsat. Yanzu ta samu mai yi mata bayani kyauta ko da tsakar dare, ba tsawa ba harara.

Malamar Faransanci: Subhanallahi. Alhaji, wannan ƙazafi ne. Ka san yawan yaran da ke aji ɗaya a lise, sakandaren nan tamu? Ka taɓa gyara takardunsu har asuba? Akwai malaman wucin gadi da ke koyar da 'ya'yanku, abin da ake ba su ko kuɗin haya ba ya kaiwa.

Baban Hafsat: Ban ce ke ba, Malama.

Malamar Faransanci: Kai ma ka yi kuɗin goro ke nan. Hajiya, ga shi, me ya sa wannan karon ba ki tanka ba?

Maman Usman: Alhaji yayana ne, kuma bai zagi ɗan kowa ba.

Ɗalibin ENS Marwa: Don Allah ko za mu koma maganar awa ɗayan?

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da na fahimta. An yi ittifaƙi cewa kalmar da Malam ya yi amfani da ita ta yi nauyi, ya kamata ya janye. Alaramma ya nuna mana cewa maganar injin nan ba abin yarda ba ce. Kawu ya tabbatar da cewa ba mu da wuta balle data. Saboda haka abin da ya fi shi ne abin da na daɗe ina faɗa: a karɓe wayoyi daga hannun yara har su gama BAC. Zan kai wannan matsaya taron iyaye ranar Asabar.

Malamin Filo: Ranka ya daɗe, ba wanda ya ce a karɓe waya a cikinmu, kuma Alaramma cewa ya yi a bincika. Kalmar na janye ta, Hajiya ki yafe ni. Amma ina roƙo a sa maganar awa ɗayan cikin abin da za a tattauna ranar Asabar.

Shugaban Zaure: An rufe zaure sai da safe.