Wane ne uban ilimin zamantakewa, Comte ko Ibn Khaldun?

Bashir: Jama'a, ina bitar tambayoyin SOC 101 na bara, ta farko ita ce wane ne uban ilimin zamantakewa. Takardun da malam ya raba sun ce Auguste Comte. Ni dai in ta sake fitowa ranar Litinin, Ibn Khaldun zan rubuta. Shi malamin tarihin nan na Arewacin Afirka ya rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377, Comte kuwa sai 1798 aka haife shi a Faransa. Shekara 421 tsakani. Ta ina jika zai zama uba?

Maryam: Bashir, kada ka yi wasa da makinka. Comte ne ya raɗa wa fannin suna a 1838, shi ne kuma ya dage a nazarci al'umma da hanyar kimiyya. Matakai ukun da ya ce tunanin ɗan'adam ke bi, na addini, na falsafa, sannan na kimiyya, su aka koya mana, su za a duba.

Bashir: Raɗa suna daban, haihuwa daban. Liman yana raɗa suna, amma ba a kiransa uban yaro. Kuma Ibn Khaldun ma ya sa wa nasa suna, ilmul umran, wato ilimin zaman al'umma, ya ce sabon ilimi ne mai zaman kansa. Dubi yadda ya ƙi yarda da masu tarihin da suka ce Banu Isra'ila suna da mayaƙa 600,000 a zamanin Annabi Musa. Ya auna adadin da girman ƙasa da yawan zuriya, ya ce ba zai yiwu ba. In wannan ba kimiyya ba ce, mece ce?

Nura: Ina bayanka, ɗan'uwa. Asabiyya, wato haɗin kan jama'a da Ibn Khaldun ya yi bayani, kaɗai ta isa hujja. Ya ce haɗin kai ke kafa daula, jin daɗin birni ke kashe shi, kuma daula takan yi zuriya uku, wajen shekara 120. An fara jihadi a 1804, Sakkwato ta faɗi a 1903. Bai yi kusa ba?

Hadiza: Nura, misalin nan zai ja maka asara. Sojojin Ingila ne suka ci Sakkwato da manyan bindigogi, mai duba takarda zai ce ka tilasta wa tarihi shiga ma'aunin da ba nasa ba. Na yi kwas ɗin nan shekara biyu da suka wuce, kuma har yau ina ganin Ibn Khaldun ya fi Comte zurfin tunani. Amma uba sai da 'ya'ya. Durkheim, masanin zamantakewa ɗan Faransa, ya karanta Comte, ya ɗora a kai, ya fitar da bincikensa kan masu kashe kansu a 1897, ɗalibai suka biyo baya. Silsilar da ta iso ajinmu ke nan. Ibn Khaldun ya rasu a Alƙahira a 1406, ba a samu makarantar da ta ɗauki umran ta mai da shi fanni ba.

Bashir: Yaya Hadiza, ai masu tarihin Daular Usmaniyya sun karanta shi, har an fassara shi da Turkanci a ƙarni na 18. 'Ya'yan suna nan, littattafan da muke karantawa ne ba su lissafa su ba. Abin da ke damuna ke nan.

Hadiza: Yana damuna ni ma. Ga abin da zan yi da ni ce kai. In canki-canka ce, zaɓi Comte, don babu gurbin hujja a can. In ta dogon bayani ce, ka fara da cewa Comte ake kira uban fannin, ka kawo dalilin, sannan ka ba Ibn Khaldun sakin layi guda da shekarunsa da asabiyya da umran.

Maryam: Wannan na yarda da shi.

Bashir: A ta dogon bayani na amince. A canki-canka kuwa hannuna zai yi nauyi. Gobe a ajin bita zan tambayi malam a gaban kowa me ya sa sunan Ibn Khaldun bai fito ko sau ɗaya ba a takardun da ya raba mana.