Neman kalmar Hausa: zancen da ba baki kaɗai ke yin sa ba

Malamaina da 'yan'uwana masu nazarin harshe, ina sallama. Wata ɗaliba da ke rubuta kundin digirinta na biyu da Hausa ta zo mini da matsalar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda za a kira fagen binciken da Turawa ke cewa multimodal discourse analysis, mai nazarin yadda magana da hoto da motsin jiki ke haɗuwa su ba da ma'ana. Ta ɗauki darussan firamare a bidiyo, ta san sarai abin da take nema a cikinsu, amma sunan aikin ya gagare ta, har ta rubuta shi da siga uku daban-daban a babi ɗaya.

Fagen ya samo tushe daga masanin harshe Michael Halliday, wanda a 1978 ya bayyana harshe a matsayin tsarin alamomi da jama'a ke sarrafawa don biyan buƙatunsu. Gunther Kress da Theo van Leeuwen suka ɗora a kai a 1996, suka nuna cewa hoto ma yana da nahawunsa, sannan a 2001 Kress da Carey Jewitt da abokan aikinsu suka fitar da binciken da suka yi a azuzuwan kimiyya na Ingila, inda suka bi diddigin yadda malami ke haɗa furuci da zane da motsin hannu. Abin da suke cewa shi ne ma'ana ba ta taɓa zuwa ta hanya ɗaya tak.

Bahaushe bai buƙaci a gamsar da shi kan wannan ba, domin tun tuni ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. A ɗaya daga cikin darussan da ɗalibar ta nuna mini, malama tana koyar da rabi da kwata. Ta ɗaga lemo sama, ta yanka shi biyu, ta ja muryarta a kan kalmar rabi, sannan ta juya ta zana da'ira a allo ta tsaga ta da alli, idonta kuma yana kan wani yaro a layin baya wanda ta lura bai gane ba. Wanda ya kwafe kalmomin bakinta kawai zai samu jimla biyu ko uku, kuma ba zai taɓa fahimtar dalilin da ya sa yaron ya gyaɗa kai a ƙarshe ba.

Kalmar nazari, a matsayin fassarar analysis, ba ta da gardama. Zance ma na amince da shi a matsayin fassarar discourse, a madadin jawabi ko tattaunawa, domin jawabi na mutum ɗaya ne, tattaunawa kuma sai da abokin yi. Wani abokin aiki ya ce zance ya rataya ne a kan baki, amma na tuna masa cewa muna da zancen zuci, wanda ba a jin sautinsa, kuma muna cewa kalangu yana magana idan makaɗi ya kaɗa taken wani ba tare da ya furta komai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kalmar mode da ke cikin multimodal, wato kowane tsarin da ake isar da ma'ana da shi, kamar furuci ko hoto. Salo ne ke fara zuwa bakin kowa, sai dai masu nazarin adabi sun riga sun kama shi, kuma duk ɗalibin da ya ji salo zai tafi ga salon marubuci da sarrafa harshe. Kafa ita ce ta fi haɗari. Mun saba da kafafen yaɗa labarai, kuma Kress da van Leeuwen sun dage wajen raba abin da ke ɗauke da saƙo, kamar takarda ko rediyo ko waya, da tsarin da ake ƙulla ma'ana da shi, kamar rubutu ko hoto ko launi. Allon karatu kafa ce guda, amma a kan allon sauka akwai rubutu, akwai zayyana, akwai launin tawada, kowanne da aikinsa. Idan muka ba abubuwan biyu suna ɗaya, mun rushe bambancin da fagen ya tsayu a kansa. Saboda haka na zaɓi hanyar ma'ana, jam'i hanyoyin ma'ana, na bar kafa a inda take.

Saura yadda za a faɗi haɗuwarsu. Zance mai hanyoyi da yawa daidai ne, amma ƙidaya kawai yake yi, alhali abin da mai bincike ke bi shi ne yadda hanyoyin ke shiga juna. Gami yana jawo gamin gambiza a kunne, wanda ke nuna haɗin da bai dace ba. Na daɗe a kan saƙa, na kuma so ta, amma a ƙarshe tufka ta rinjaye ni. Duk wanda ya ga mai tufka igiya ya ɗora silin rama a cinya yana murzawa ya san cewa kowane sili yana nan da kansa, ana iya bin sa da ido daga farko har ƙarshe, amma ƙarfin igiyar daga murɗuwarsu tare yake fitowa. Haka muryar malamar nan da lemonta da allinta suke.

An yi mini ƙorafi cewa tufka da warwara na nufin rashin tsayawa a kan magana ɗaya. Gaskiya ne, amma wannan ma'anar sai kalmomin biyu sun zo tare take fitowa, kuma a nan warwara ta yi mana rana, tunda aikin mai nazarin shi ne ya warware igiyar sili-sili, ya ga abin da kowanne ya ɗauko, sannan ya duba yadda aka murɗa su.

Akwai dalilin da ya sa nake son mu yi wannan tunani da kalmominmu. Kress da van Leeuwen sun ce a shafin Turawa abin da aka riga aka sani yana zama a hagu, sabo kuma a dama, sun kuma yarda cewa wannan ya danganta da inda rubutu ke farawa. Yaron da ya yi makarantar allo da asuba yana karantawa daga dama, ya je boko da hantsi yana karantawa daga hagu, idonsa ya saba da tsari biyu, kuma binciken da za a yi a kansa sai an yi shi a azuzuwanmu.

Shawarata ita ce a kira fagen nazarin zance mai tufkar hanyoyi, a taƙaice nazarin tufkar zance, a kira siffar kanta tufkar hanyoyi. Na ce wa ɗalibar ta rubuta cikakken sunan a farkon ambato, ta ci gaba da gajeren a sauran babobin, kuma ina roƙon malamaina su gwada shi a jimlolinsu kafin ta kai kundin gaban masu jarrabawa.