Musayar Waƙa: Shirun Mai Allura

Wata ma'aikaciyar jinya daga ƙasar Ringim ta buɗe:

Da sunan Allah nake fara waƙar nan,
Shi ne mai ba da lafiya da rayuwa.
Ku saurari kukan mai aikin dare a ɗakin yara,
Sa'ad da damina ta kankama a Jigawa,
Sauro ya yawaita, zazzaɓi ya kwantar da su,
Har gado ɗaya yara biyu ke rabawa.
Maganin yaro ba irin na babba ba ne,
Da nauyin jikinsa ake aunawa.
Idan zazzaɓin cizon sauro ya tsananta,
Allurar atesunet muke ɗaukowa,
Hoda ce miligiram 60 a cikin kwalba,
Da ruwa iri biyu, mil 6 jimilla, ake narkarwa.
Yaron da nauyinsa bai kai kilo 20 ba,
Miligiram 3 ga kowane kilo ake warewa,
Don haka mai kilo 8 rabonsa miligiram 24,
Wato mil 2.4 a sirinji nake zuƙowa.
Ina tsakiyar wannan lissafi a zuciyata,
Sai 'yan dubiya su tsaya a kaina da gaisuwa,
Wannan ya ce ƙarin ruwan ɗansa ya tsaya,
Wancan yana tambayar ranar komawa,
Waya tana ruri, likita yana neman fayil,
Wuta ta ɗauke, da tocila ake dubawa.
Idan na amsa wa kowa na dawo kan tirena,
Nakan rasa inda na tsaya da ƙirgawa,
Alhali ɗigo guda in ya faɗi daga 2.4,
Ninki goma ke nan, jiki ba ya jurewa.

Wani manomi daga ƙasar Gaya ya amsa:

Sista, na karanta baitocinki da jin kunya,
Domin ina cikin masu katse ku da gaisuwa.
A ƙauyenmu wanda aka yi wa sallama ya yi shiru,
Girman kai ake ɗauka, ko raina talakawa.
Ranar da na kai ɗana asibiti a bayan babur,
Na bar gonata tana jiran noman dawa,
Na tsaya kan wata nas ina ta sannu da aiki,
Ba ta ɗago ba, na fita cike da damuwa,
Na ce wa ƙanena mutanen nan ba su da kirki,
Ashe rabon ɗana ne take aunawa.
Amma ki gaya mini, wanda bai yi boko ba,
Ta yaya zai san sa'ar da ba a kusantowa?

Wata uwa daga ƙasar Birnin Kudu ta shigo:

Yaya Sista, ki yi mini uzuri, ina da ja,
Domin ba kowane kira ne ke ɓatawa.
A ɗakin da muka kwana Aisha uku ne,
Da suna kaɗai ba a bambancewa.
Aka zo da sirinji aka kira sunan 'yata,
Alhali an yi mata tata ba da daɗewa,
Kuma an gaya mini tun ranar da muka zo
Cewa sai bayan awa 12 ta biyu ke zuwa.
Na miƙe na riƙe hannun nas na ce a duba,
Aka buɗe kati, ashe ta maƙwabciya ake kawowa.
Da na yi kawaicin da aka koya mana a gida,
Da an ninka wa 'yata, waccan ta tashi da rasawa.
Haka in yaro ya fara jijjiga, ko numfashi ya sarƙe,
Wa zai iya ɗaure bakin uwa?

Wani dattijo daga ƙasar Kazaure, wanda ya yi ritaya daga aikin jinya, ya ce:

'Ya'yana, wannan ba ciwonmu ne mu kaɗai ba,
A 2010 an wallafa bincike kan katsewa,
A asibitoci biyu na ƙasar Ostireliya,
Inda aka bi ma'aikata ana ƙididdigewa,
Aka ga duk sanda aka katse mai ba da magani,
Kusan kashi 13 cikin 100 kuskure ke ƙaruwa.
Wasu asibitocin Ingila suka ɗinka jar riga
Da rubutun gargaɗi, don mai raba magani ta riƙa sawa.
Sai dai riga ba ta da amfani a ɗakin da
Nas ɗaya ce da dare, ita ke ɗaukar nauyin kowa.
Kuma ki faɗa musu gaskiya, 'yata,
Mu abokan aiki mun fi iyaye katsewa.

Ma'aikaciyar jinyar ta dawo:

Baba, na karɓa, ni ma nakan kira 'yar'uwata
Neman makullin kabad tana tsakiyar haɗawa.
Malam, alamar da ka nema ga ta nan:
In ka ga sirinji da kwalba a hannu ana dubawa,
Ka dakata har in rufe allurar in rubuta a kati,
Sannan ni da kaina zan zo mu yi gaisuwa.
Ƙanwata, irin kiranki ina roƙon kada ki fasa,
Jijjiga, da numfashi, da suna in ya samu rikicewa.
Daga yau zan tambayi sunan yaro da na mahaifinsa,
Daga bakin uwarsa, kafin in yi sokawa.
Ƙarfe 10 ta yi, mai kilo 8 yana jiran ta biyu,
Zan kashe wayar nan in koma ga aunawa.