Yadda tallafin abinci zai kai ƙarshen wata

Ga taƙaitawar shawarwarin da ma'aikatan lafiya da 'yan kasuwar hatsi suka bayar a wata tattaunawa da matan karkara a Jigawa.

Idan kuɗi aka ba ku, ku fara da gero ko dawa da wake, a ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari. Gida uku su haɗa kuɗi su auni tiya-tiya ya fi sayen gwangwani kullum. Shinkafa da taliya kuwa cinye kuɗi suke yi.

An fi daɗewa a kan waken suya, kuma da gaskiyarsu, domin shi ne mafi arhar abin gina jiki. A soya shi sama-sama har ƙarninsa ya fita, a cire ɓawon, a haɗa awo ɗaya da awo uku na gero da ɗan gyaɗa, a niƙa don kunun yara. Ɗanyensa yana kumbura ciki. Gyaɗar da ta yi fumfuna a tsince a zubar, gubarta tana lalata hanta.

Wake a shanya shi ya bushe ƙayau, a cika jarka, a rufe gam. Ƙwari ba sa rayuwa babu iska. A jiƙa shi tun dare don rage itace. Zogale a inuwa ake shanya shi, rana tana rage amfaninsa.

Abincin tamowa da asibiti ke bayarwa magani ne na yaron kaɗai, ba a raba shi da yayyensa.