Kalmar "miracle": mu'ujiza ce ko abin al'ajabi?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba mu gardama. Jiya a majalisa ana hirar wasan ƙwallon da aka yi a birnin Dammam na Saudiyya a 1989, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta zura wa matasan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 20 ƙwallo 4 ba ko ɗaya, suka farke duka huɗun, suka kuma ci a bugun fenariti. Da Turanci ana ce masa "Dammam Miracle". Na ce mu'ujizar Dammam ke nan, sai wani dattijo ya ce maza in yi istigfari. Ni dai haka na gani a ƙamus. Ina laifina?

Almajirin Zaure: Dattijon ya fi ka gaskiya, ƙanena. Mu'ujiza ta annabawa ce kaɗai, kamar sandar Annabi Musa da taguwar Annabi Salihu. Asalinta a Larabci gajiyarwa ce: a ƙalubalanci mutane su kawo irinta, su kasa. In abin ya bayyana a hannun waliyyi karama ce, in a hannun fasiƙi istidraji. To ɗan ƙwallo a wane sahu zai tsaya?

Malamar Turanci: Malam, ban ja da kai ba a kan mu'ujiza, amma kalmar Bature ba ta da wannan shingen. Daga Latin ta fito, "miraculum", wato abin da ke sa mamaki. A Janairun 2009 tsuntsaye suka kashe injina biyu na wani jirgin US Airways jim kaɗan da tashinsa daga New York, matuƙin ya sauke shi a kan kogin Hudson, mutum 155 da ke ciki duk suka tsira. Amurkawa suka kira abin "miracle", kuma ba wanda ya ce matuƙin annabi ne. Ƙamus bai yi ƙarya ba, ma'ana ɗaya kawai ya ba ka.

Ɗan Wusasa: Mu ma a coci mu'ujiza muke cewa idan ana maganar ruwan da Yesu ya mayar ruwan inabi a Kana. Amma in mota ta kife kowa ya fito ba ko ƙwarzane, kakata cewa take "ikon Allah", ta tafa hannu.

Almajirin Zaure: Yauwa! Ashe Bahaushe bai rasa abin faɗa ba. Ikon Allah, abin al'ajabi, tsallake rijiya da baya. Me ya kai mu taɓa kalmar annabawa?

Malamar Turanci: Sai dai tsallake rijiya ba ta shiga ko'ina, Malam. Farfaɗowar tattalin arzikin Jamus ta Yamma bayan yaƙin duniya na biyu ma "miracle" ake ce mata. Wannan sai dai bunƙasa mai ban mamaki.

Direban Kwanar Dawaki: Ni ga tawa. Ku fassara min "miracle centre", inda yaron da bai iya rubuta wasiƙa ba yake fitowa da A1 a Turancin WAEC. Cibiyar mu'ujiza ce ko ta karama?

Almajirin Zaure: Wannan ko istidraji bai kai ba. Satar amsa ce.

Ɗan Fagge: Na janye, abin al'ajabin Dammam. Amma fisabilillahi, huɗu fa aka farke, kuma sai da wasa ya yi nisa a zagaye na biyu.

Ɗan Wusasa: Ai Liverpool uku kawai ta farke wa AC Milan a Istanbul a 2005, ita ma sunan da aka ba ta ke nan.