Maleriya da dengi a jiki ɗaya: wa ya yi sakaci?

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena ya kwana tara a gadon asibiti, kuma da ƙyar ya sha. Ranar da zazzaɓi ya kama shi an gwada jininsa a wani ƙaramin asibiti, aka ga maleriya, aka ba shi maganin maleriya na Coartem aka sallame shi. Bayan kwana huɗu zazzaɓin ya sauka, muka ɗauka sauƙi ya samu, sai ga jini yana fita daga dasashinsa, cikinsa yana murɗawa, ko ruwa ya sha sai ya amayar. A babban asibiti ne aka gano cewa akwai dengi, wani zazzaɓi da sauro ke yaɗawa, tare da maleriyar. Maganata ita ce haɗuwar cututtukan nan biyu ta fi dengi ita kaɗai muni nesa ba kusa ba, kuma sakaci ne ma'aikaci ya ga maleriya a jini ya tsaya nan.

Malamar Jinya: Allah ya ƙara masa lafiya, Malam, amma kalmar sakaci ta yi nauyi, kuma ina roƙon ka janye ta. Kayan gwajin gaggawa da ke hannunmu maleriya kawai suke nunawa, na dengi kuwa, wanda ake kira NS1, yawancin ƙananan asibitoci ba su da shi. A kwanakin farko alamomin iri ɗaya ne, wato zafin jiki da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi. Wanda ya yi aiki da abin da aka ba shi bai yi sakaci ba.

Baban Yara: Ba zan janye ba, Malama. Ko babu kayan gwaji ai akwai baki, kuma babu wanda ya ce mana mu dawo da shi idan muka ga jini ko amai.

Ɗalibin Likitanci: Ina neman izinin manya in koma kan ainihin batun. Wani bincike da aka wallafa a 2012 daga asibitin Kayen, a yankin Giyana na Faransa da ke Kudancin Amurka, ya duba marasa lafiya 104 da suka kamu da cututtukan biyu a lokaci guda, ya kuma samu cewa ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun fi raguwa a jikinsu idan aka kwatanta da masu cuta ɗaya, ƙarancin jini ma ya fi tsanani. Dalilin a fili yake, domin maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, dengi kuma tana sa ruwan jini ya tsiyaye daga jijiyoyi, musamman tsakanin kwana na 3 da na 7, daidai lokacin da zazzaɓi ke sauka. Sai dai mafi yawan waɗancan mutane nau'in ƙwayar maleriya da ake kira bibaks ke jikinsu, mu kuwa nau'in falsifarum ne ya fi damunmu.

Malamar Jinya: Tunda an dage kan sakaci, bari in yi tambaya. A kwanakin nan huɗu da ya yi a gida, wane maganin ciwon jiki aka ba shi?

Baban Yara: Ibufurofen muka saya masa a kemis, saboda ƙasusuwansa suna ciwo kamar ana sassara su.

Malamar Jinya: To ka ji inda sakacin yake. Mai dengi ba a ba shi ibufurofen ko asfirin, domin suna ƙara haɗarin zubar jini, farasitamol kaɗai ake yarda da shi. Wanda ya miƙa maka wannan magani bai tambaye ka komai ba, shi ya kamata ka tuhuma.

Mai Kemis: Haba Malama, kullum idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada sai a juyo kanmu. Mutum ya zo da takardar asibitinku da ta ce maleriya ce, ya nemi maganin ciwon jiki, ta yaya zan san akwai wata cuta da ku masu farar riga ba ku gani ba? Da tsakar dare mu jama'a ke bugawa ƙofa, lokacin da asibitocinku suke a kulle.

Malamar Jinya: Buɗe shago da dare ba ya mayar da mutum likita, Alhaji.

Ɗan Sakkwato: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. A watan Nuwamba na 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullar dengi a nan Sakkwato, a shekarar ce kuma Chadi ta sanar da tata a garin Abeche, Burkina Faso ta rasa ɗaruruwan mutane. Bayan duk wannan, wace gwamnati ce ta wadata asibitocin unguwa da kayan gwaji? Har yanzu maleriya kaɗai muke kira zazzaɓin cizon sauro, alhali sauron dengi mai zanen fari da baƙi da rana yake cizo, a randa da tsofaffin tayoyi yake hayayyafa, kuma gidan sauron da muke shiga da dare bai isa ya kare mu daga gare shi ba. Sakacin hukuma ne.

Mai Kemis: Malam, kada ka shigo mana da siyasa, mun san ɓangaren da kake.

Ɗalibin Likitanci: Har yanzu babu wanda ya ce uffan kan binciken da na kawo.

Shugaban Zaure: A matsayina na wanda ya yi shekaru yana aikin asibiti kafin ritaya, zan rufe nan. Abin da muhawarar ta nuna shi ne ma'aikatan ƙaramin asibitin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma maganin da aka saya a kemis ne ya jefa yaron cikin haɗari, kamar yadda Malama ta bayyana da hujja. Batun ko cututtukan biyu sun fi ɗaya tsanani mun bar wa masana. Baban Yara, ka gaishe mana da mai jiki, kuma muna jiran ka janye kalmar nan kafin gobe.