"Bashi hanji ne": wa ya kamata ya faɗe ta, mai ci ko mai bayarwa?

Jikan Mai Kanti:
Assalamu alaikum. Kakanmu ya rasu makon jiya, ya haura shekara 85 a duniya. Tsohon sojan ruwa ne. Bayan yaƙin basasa ya ajiye aiki, ya dawo gida ya buɗe kanti a bakin kasuwar garinmu, can ƙasar Katsina: sukari, gishiri, ashana, kananzir, sabulu, abin da ba a rasa ba. Bayan addu'ar uku muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, muka tarar da littattafan bashi jibge. Na farkon ma da fam da sule aka rubuta, tun kafin naira ta shigo a 1973. Sunaye da yawa an soke su da jan biro, kuma ba a rubuta "ya biya" ba. Duk sanda Iya ta yi masa faɗa kan ba da bashi, amsarsa ɗaya ce: "Bashi hanji ne, yana cikin kowa." Ni kuwa a bakin masu taurin bashi na saba jin wannan karin magana. Shin daidai yake amfani da ita?

Mai Shagon Kwana:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Amma gaskiya ni na tsani maganar nan. Mutum zai karɓi taliya da man gyaɗa, wata uku ba ka ga ƙeyarsa ba, ran da kuka yi kiciɓis a masallaci ya washe baki ya ce maka bashi hanji ne. To hanjin nawa ne ko nasa? Shi ya sa na rubuta "Ba bashi, sai gobe" na manna a ƙofa.

Malamar Hausa:
Allah ya gafarta masa. Mai Shago, karin maganar ba ta ce kada a biya ba. Abin da ta ce shi ne babu wanda ya tsira daga bashi, attajiri da talaka, sai dai ba a gani, don a ciki yake. Amfaninta na asali rarrashi ne da suturta mutum. Idan wanda ake bi ne ya faɗe ta, ta zama garkuwar rashin kunya. Idan mai bin bashin ne ya faɗa, cewa yake yi: kada ka sunkuyar da kai a gabana, ni ma ana bi na. A ganina tsohon nan a gurbinta ya ajiye ta.

Mai Shagon Kwana:
Malama, da albashi kike magana. Dila a Kano ba ya karɓar karin magana, kuɗi yake karɓa.

Malamar Hausa:
Shi dilan ma ka tambaye shi, kamfani na bin sa. Ka ga ka ƙara tabbatar da ita.

Tsohon Soja:
Ɗana, ina yi muku ta'aziyya. Ni sojan ƙasa ne, kuma na bayansu ne sosai, amma mun san aikin da suka yi. A zamanin kakanka Joseph Wey ne shugaban sojan ruwa, tun 1964. Su suka tare bakin teku lokacin yaƙi, su suka sauke dakarun Benjamin Adekunle a Bonny a watan Yulin 1967, sannan a Kalaba a watan Oktoba. Ka duba, yaron da ya taso inda babban ruwa shi ne kududdufin bayan gari, a kai shi Apapa, sansanin sojan ruwa a Legas, a ɗora shi kan jirgi. A cikin jirgi ba ka da wurin gudu. Abincinka wani ya dafa, barcinka wani ke gadi, in injin ya tsaya ranka na hannun wanda ke ƙasa cikin zafi yana gyara. Wanda ya yi wannan zaman ba zai taɓa ganin kansa a matsayin wanda ba a bin sa komai ba. Ni haka na fahimci maganarsa. Ba kuɗi kaɗai yake nufi ba.

'Yar Funtuwa:
Baba, wannan fassarar ta yi daɗi, amma anya ba mu ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba? Hausawa na da "alheri danƙo ne" don irin wannan. Bashi kuwa bashi ne.

Tsohon Soja:
'Yata, in mutum ya kai shekara hamsin yana faɗin magana ɗaya a bayan kantar shagonsa, ai ya samu ikon ƙara mata gishiri.

Almajirin Zaure:
Abin da ya burge ni shi ne yana rubutawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Ta 280 kuma ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, in an yafe ya fi alheri. Ya haɗa biyun ke nan. Sai dai a kula: wanda ya soke da hannunsa ya yafe, wannan ya wuce. Wanda bai soke ba ya zama haƙƙin magada, ba mai yafe shi sai su, kowa a kasonsa. Masu fakewa da hanji kuma su tuna hadisin da ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya. Shi ya sa ake sanarwa a wurin jana'iza.

Jikan Mai Kanti:
Allah gafarta Malam, an yi sanarwar. Mutum biyu suka ce suna bin sa, an sallame su. Na lura jan biron ya fi yawa a littafin 1984, shekarar da ake bin dogon layi kafin a samu madara da sabulu. Jiya kuma wata dattijuwa ta zo da kuɗi ƙulle a bakin zane, ta ce na sukarin sunan ɗanta na fari ne. Ɗan yanzu yana da jikoki. Muka duba, sunan mijinta na cikin waɗanda aka soke. Kawu ya ce ta mayar, ta ce ita ba wanda ya gaya mata an yafe, ba za ta kwanta kabari da shi ba. Har yanzu kuɗin na kan tabarma, an rasa mai ɗauka.

Almajirin Zaure:
Ku nuna mata shafin ta gani da idonta. In ta nace, ku karɓa ku yi masa sadaka da shi, ku faɗa mata haka.

Mai Shagon Kwana:
Irin wannan dattijuwar ai ko shagon duka ta nema sai in ba ta. Nawa masu cin bashin, lambar waya suke canzawa. Takardar ƙofa dai tana nan, ban cire ba.